Matacciyar Sensar Oksijin da Shan Man Tsofaffin Motocinmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana da masu tsofaffin motoci da kuma 'yan'uwanmu makanikai a kan wani ɗan ƙaramin ƙarfe da ke ɗaure a jikin salansa, wanda ake kira sensar oksijin. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, litar fetur da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 a Kano cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Kowa na kukan tsadar mai, amma kaɗan ne ke tambayar ko motarsu tana shan fiye da haƙƙinta, alhali a yawancin motocin Kwatano da muke hawa, irin su Corolla da Camry da Accord da Golf, wannan sensar ce ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota, wato na'urar da ke sarrafa aikin inji, yawan man da za ta saki.

Injin fetur yana ƙona mai yadda ya kamata ne idan aka haɗa kashi 14.7 na iska da kashi ɗaya na mai, bisa nauyi. Aikin sensar shi ne ta auna ragowar oksijin da ke cikin hayaƙin da ya fito daga inji, ta kwatanta shi da na iskar waje, sannan ta aika da 'yar wuta da ke kai da komo tsakanin bolt 0.1 da 0.9 a ma'aunin ƙarfin lantarki. Idan wutar ta yi ƙasa, iska ta yi yawa ke nan, sai ƙwaƙwalwar ta ƙara mai. Idan ta yi sama, mai ya yi yawa, sai ta rage. Kamar uwargida ce da ke ɗanɗana miya tana gyara gishiri har ta sauke tukunya. Ranar da sensar ta mutu, ƙwaƙwalwar tana komawa kan lissafin da aka tsara mata tun daga kamfani, wanda ya fi karkata ga yawaita mai domin kare inji. Daga nan ne ake fara jin warin ɗanyen fetur a bayan mota, fulogi ya riƙa yin baƙi, silo ya riƙa rawa, kuma man da ke kai mutum Zariya da dawowa ya daina isa.

Abin ba sabo ba ne. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya ƙera sensar, kamfanin Volvo kuma ya fara sa ta a motocinsa a 1976. Sai dai a daidai wancan lokacin mu a nan muna kan Fijo 504 da ake haɗawa a Kaduna, mai kafireto, wadda ake saita mainta da sukurdireba da kunne. Manyan ogannin da suka horar da makanikan yau a kan irin waɗannan motoci suka ƙware, kuma sun ƙware ƙwarai, ba wanda zai ƙwace musu wannan. Illar ita ce an taso da tunanin cewa duk wata waya da ke jikin salansa ƙarin ado ne na Turawa. Shi ya sa idan wutar gargaɗin inji ta kama a dashbod, sau da yawa amsar da mai mota ke samu ita ce, "Alhaji, rabu da ita, ba ta hana tafiya." Wani ma cire ƙwan wutar zai yi, musamman idan za a sayar da motar, wanda a ganina ha'inci ne tsagwaronsa.

Akwai al'ada ta biyu da ta fi wannan yaɗuwa, wato cire tamosta, abin da ke daidaita zafin ruwan inji, da haɗa fanka kai tsaye da zarar mota ta shigo ƙasar, bisa hujjar cewa garinmu da zafi. Ƙwaƙwalwar mota ba ta fara aiki da saƙon sensar sai ta ga ruwan inji ya ɗumama, ita kanta sensar kuma ba ta ba da saƙon kirki sai bakinta ya kai zafin digiri 300 ko fiye. Injin da aka hana shi kaiwa zafinsa, musamman da safiyar hunturu, zai daɗe yana shan mai irin na motar da aka tayar yanzu. Saboda haka mai motar da aka cire wa tamosta zai iya sayen sabuwar sensa mai tsada ya ga canjin bai kai yadda ya zata ba, har ya zargi mai shago da sayar masa da jabu.

Ba ina cewa duk wanda motarsa ke shan mai ya ruga Kofar Ruwa ko Panteka ya sayo sensa ba. Motocin Amurka daga 1996, da na Turai masu fetur daga 2001, duk suna da soket a ƙarƙashin sitiyari da ake jona kwamfuta, kuma lambar da za ta fito tana nuna inda za a duba ne kawai. Lambar P0135, alal misali, tana magana ne a kan hitar da ke ɗumama sensar gaba, wato wadda ta fi kusa da inji, kuma fiyus da ya ƙone ko wayar da ta narke a jikin salansa na iya kawo ta. P0171 tana nufin iska ta yi yawa, wanda tiyon da ya tsage ko famfon mai da ya gaji ke jawowa, sensar kuwa gaskiya ta faɗa. P0420 kuma ƙorafi ne a kan matacin hayaƙi da makanikai ke kira indomi, wanda ake yawan fafe cikinsa a sayar saboda ma'adinai masu tsada da ke ciki, irin su filatinam da faladiyam da rodiyam. Idan an riga an fafe shi, ko sensa nawa aka canja wutar gargaɗin za ta dawo. Bakaniken da ya san aikinsa zai bar inji ya yi zafi ya kalli yadda wutar sensar gaba ke hawa da sauka a fuskar kwamfutar, idan irin mai kai da komo tsakanin bolt 0.1 da 0.9 ce. Idan tana motsi da sauri, lafiyarta ƙalau. Idan ta tsaya wuri ɗaya ko tana jan ƙafa, sannan a yi maganar saye.

A wajen sayen ne ake tafka asara mafi yawa. Mota mai silinda huɗu galibi sensa biyu gare ta, ɗaya kafin indomi, ɗaya bayansa, kuma ta gaban ce ke da babban tasiri a kan shan mai; injin V6 kan ɗauki uku ko huɗu. A Toyota da Honda da dama na shekarun 2000, ta gaban ma wata iri ce dabam da ke auna gaurayen iska da mai da wani salo, kuma ko da yake kamanninta da girmanta ɗaya ne da ta baya, ba sa musanya da juna. Hanyar da ta fi tabbas ita ce a karanta lambar da ke jikin tsohuwar, ko a yi amfani da lambar shasi, a nemi ta Denso ko NTK ko Bosch da ta dace da motar. Na san darajar kayan Beljiyam a wurinmu, kuma a ƙofa ko giyabos ba ni da ja, amma sensa abu ne mai ƙarewa. Masu ƙera ta na ba da shawarar a canja mai hita tsakanin kilomita 100,000 da 160,000, wadda aka ciro daga motar da ta gama yawo a Turai kuwa ta riga ta ci mafi yawan wannan.

Shi kansa ɗaurin ba wuya gare shi ba, haƙuri yake so. A fara zare soket ɗin wayar kafin a murɗa sensar, don kada wayar ta nannaɗe ta tsinke daga ciki. A fesa man sassauta tsatsa a bar shi ya shiga, a kwance ta lokacin da salansa ke da ɗumi-ɗumi, da sifana mai lamba 22 ko soket mai tsaga da aka yi domin wannan aiki, domin bugu da guduma da cizal kan cinye tiredi, aikin minti talatin ya koma na mai walda. Sabuwar a fara murɗa ta da hannu, kada maiƙo ko girisi ya taɓa bakinta, kuma kada a yanke wayarta a yi mata ƙari da dalma, saboda wasu sensocin ta cikin wayar suke shaƙar iskar wajen da suke kwatance da ita. Bayan nan a goge lambar a kwamfuta a fita gwaji.

Kafin duk wannan, ya kamata a tambayi abin da ya kashe tsohuwar. Injin da ke shan baƙin mai, da gaskit da ke barin ruwan lagireto ya shiga silinda, da gam na silikon da ake lafta wa inji ba ji ba gani, duk suna toshe bakin sensa, kuma za su kashe sabuwar kamar yadda suka kashe ta farko.

Ina kira ga ƙungiyar makanikai ta NATA da hukumar NADDC mai kula da harkar ƙera motoci da su sa karanta kwamfutar mota cikin horon da suke ba yaran gareji, kuma a yi shi da Hausa, tunda ƙaramar na'urar da ake haɗawa da wayar salula yanzu ba ta fi ƙarfin gareji ba. Masu motoci kuma, duk sanda aka ce musu sensa ce, su nemi a rubuta musu lambar da kwamfuta ta nuna, a kuma ba su tsohuwar da aka cire a hannu.

Na gode da wannan dama.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku, daga Kano.