Baron Samedi: sun ɗauki hularsa sun bar aikinsa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ma'aikatanka, da fatan ana lafiya. Na karanta sharhin da kuka buga a shafin nishaɗi kan wasannin kwamfuta da matasanmu suke kwana a kai, kuma na ji daɗi da jaridar Hausa ta fara leƙa wannan fage. Sai dai akwai wurin da ya tsaya mini a rai. Marubucin ya kawo maganar Bwonsamdi na cikin wasan World of Warcraft, ya gabatar da shi a matsayin shaiɗanin mutuwa, sannan ya ƙara da cewa haka mabiya addinin Vudu suka ɗauke shi. Wannan ƙarin shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Kafin wani ya yi mini fassara: ni Musulmi ne, na yi imani cewa rai na Allah ne, Mala'ikan Mutuwa yana karɓar sa ne da umarninSa a lokacin da ajali ya yi. Ba talla nake yi wa kowane iska ba. Amma rashin bin addinin mutum bai ba ni lasisin yi masa ƙarya ba, balle jarida.

Bwonsamdi ƙirƙirarre ne, kamfanin Blizzard ya zana shi, ya kuma ba shi babban matsayi a kashin wasan da ya fito a 2018. A can yana zaune a wani gidan matattu cikin fadamar Nazmir, yana ciniki da rayuka. Sarki Rastakhan ya ƙulla yarjejeniya da shi a lokacin da mulkinsa ke tangal-tangal, bashin kuma ya faɗa kan 'yarsa Talanji bayan rasuwarsa. Labari ne mai jan hankali, ban musa ba. An ma bar masa barkwancinsa, wanda a ganina shi ne abu mafi kusa da gaskiya a duk zanen. Amma masu bauta masa a wasan ba mutane ba ne, wasu dodanni ne masu haure, kuma an sa musu harshen Ingilishi irin na mutanen Karebiyan. Duk mai hankali ya san daga inda aka ɗebo su. An ɗebo Bwonsamdi ne daga Baron Samedi, wanda miliyoyin mutane a ƙasar Haiti suka sani tun kafin a ƙirƙiro kwamfuta.

To wane ne Baron Samedi a wurin masu shi? A addinin Vudu na Haiti akwai Ubangiji ɗaya da suke kira Bondye, wanda suke ganin ya yi nisa da a tunkare shi kai tsaye, sai iskokin da suke kira lwa, waɗanda ke tsakaninsa da mutane. Daga cikin lwa akwai zuriyar Gede, masu kula da matattu da maƙabarta, Baron ne shugabansu, matarsa kuma Maman Brigitte. A al'adarsu, kabarin namijin da aka fara binnewa a maƙabarta nasa ne, a nan ake kafa masa gicciye. Ana siffanta shi da doguwar baƙar hula, da baƙar kwat, da baƙin tabarau wanda sau da yawa ido ɗaya ya fita, da sigari a baki. Akan sa masa auduga a hanci, kamar yadda ake yi wa gawa, shi ya sa idan ya hau mutum maganar take fitowa ta hanci. (Wanda iskan ya hau, doki suke ce masa, daidai da yadda 'yan bori suke faɗa a ƙasar Hausa.)

Ga inda masu fim da masu wasa suke sauka daga hanya. A wurin mabiyansa Baron ba ya farautar rai. Shi ne mai haƙa kabari da tsaron ƙofarsa. Sun yi imani cewa idan ya ƙi haƙa wa mutum kabari, mutumin ba zai mutu ba, ko da an yi masa sammu. Saboda haka uwar da ɗanta ya kwanta rai a hannun Allah, wurin Gede take kai kukanta, don an san su da tausayin yara. Kuma shi ne ake roƙo ya tsare gawa har ta ruɓe, kada wani mugun matsafi ya tono ta ya mayar da ita bawa. Kiran irin wannan da sunan shaiɗan mai cin rai daidai yake da mutum ya ga dattijon nan mai haƙar kabari a maƙabartar unguwarsu, da diga a kafaɗa, ya ce shi ne yake kashe mutanen gari.

Duk ranar 1 da 2 ga Nuwamba ake bikin Gede. Jama'a sukan cika babbar maƙabartar Port-au-Prince, babban birnin Haiti, sanye da baƙi da fari da shunayya, wasu sun shafe fuska da farar hoda. Ana kunna kyandir a gindin gicciyen Baron, ana zuba masa baƙin kofi da giyar rake da aka jiƙa barkono a ciki. Wanda Gede ya hau yakan kwankwaɗi wannan giya mai barkono, har ya shafa ta a fuska da jiki, kuma da haka 'yan kallo suke gane ko da gaske iskan ya zo ko wasan kwaikwayo ake yi musu. Sai rawar banda, mai yawan karkaɗa ƙugu, da zagi, da batsa wadda ba zan iya rubuta ta a jaridar iyali ba. Gede ba ya jin kunyar kowa. Yakan tsaya gaban mai kuɗi ko mai mulki ya tona masa asiri a bainar jama'a, a yi ta dariya, tunda a ganinsu wanda ya san inda kowa zai ƙare ba shi da dalilin rusuna wa kowa. Mutane sukan wanke kaburburan iyayensu a ranar, su yi musu fenti, su kai musu abincin da suke so. Wannan ziyarar dangi ce da raha a cikinta, kuma ban taɓa ganin fim ɗin tsoro da ya nuna ta ba.

Tambayar da ya kamata jarida ta yi ita ce: yaya aka yi wannan ya koma dodo a idon duniya? Amsar tana cikin tarihi. Haiti ita ce Saint-Domingue ta Faransa, gonar rake da kofi da ta fi kowace kawo riba a ƙarni na 18, kuma bayi ne daga Afirka suke noma ta. An kwaso su daga Dahomey, da ƙasar Yarbawa, da Kongo, kuma a takardun masu gonaki har da waɗanda aka rubuta a matsayin Hausawa. Dokar bayi ta Faransa ta 1685 ta tilasta a yi musu baftisma, sai suka ɓoye iskokinsu a bayan hotunan waliyyan Katolika. A watan Agustan 1791 bayi suka yi taron ibadar Vudu a Bois Caïman, wanda ake danganta jagorancinsa da Dutty Boukman da Cécile Fatiman, daga nan tawaye ya ɓarke. Ranar 1 ga Janairun 1804 Haiti ta ayyana 'yancinta, bayan ta kori sojojin Napoleon. Ƙasashen da har lokacin suke riƙe da bayi ba su yafe mata ba. A 1825 Faransa ta ɗora mata diyyar faran miliyan 150, wai don asarar da iyayengiji suka yi. Duk wanda yake son ya nuna cewa baƙar fata bai isa ya mulki kansa ba, yana buƙatar Haiti ta zama ƙasar tsafi da duhu.

Sai Amurka ta mamaye ƙasar daga 1915 zuwa 1934. Sojoji da 'yan jarida suka koma gida da labaran ganguna da dare da gawarwaki masu tafiya, masu buga littafi suka ga kasuwa, Hollywood ta bi sahu. A 1932 aka fitar da fim ɗin White Zombie. Abin takaici, a wurin mutumin Haiti labarin zombi labarin bauta ne: tsoronsa shi ne a hana shi hutawa ko bayan ya mutu, a tashe shi ya ci gaba da sarar rake a gonar wani. Aka juya wannan baƙin ciki ya zama nishaɗin 'yan kallo. A cikin gida ma ba a bar su ba, don a farkon shekarun 1940 cocin Katolika ta jagoranci yaƙi da abin da ta kira camfi, aka ƙona ganguna da kayan ibada. A 1973 kuma fim ɗin James Bond mai suna Live and Let Die ya saka Baron Samedi cikin yaran mugu, yana ƙyaƙyata dariya da rabin fuska a shafe da fari. Mafi yawan abin da ake zanawa yau jikan wannan hoton ne.

Adalci ya sa in faɗi cewa ba baƙi kaɗai suka ɓata sunan ba. François Duvalier, wanda ake kira Papa Doc, likita ne da ya hau mulkin Haiti a 1957 ya zauna har mutuwarsa a 1971. Ya riƙa sa baƙar kwat da baƙar hula da tabarau, yana magana ta hanci, don talaka ya gan shi ya tuna da mai maƙabarta. 'Yan dabarsa, Tonton Makut, sun kashe dubban mutane. Idan marubuci yana neman mugu na gaske don labarinsa, ga shi nan, ɗan Adam ne da ya ari kayan iska. Kuma ba na cewa babu masu mugun asiri a Haiti. Akwai su, bòkò suke ce musu, kuma su kansu mabiya Vudu suna bambanta su da limamansu, oungan da manbo.

Abin da ya fi damuna shi ne namu marubutan. Labaran aljanu da matsafa da yaƙi suna tashe a WhatsApp da Wattpad, wasu kuma ana karanta su a YouTube. Na fara cin karo da matsafa masu doguwar hula da ƙoƙon kan mutum da 'yar tsana mai allurai a cikin labaran da aka ce a ƙasar Hausa suke faruwa. Kwafin kwafi ke nan, daga wasa, wanda ya ɗauko daga fim, wanda ya ɗauko daga labarin sojan mamaya. Ita 'yar tsanar ma ta fi kusa da tsohon sihirin Turai fiye da ibadar Haiti. Alhali asalin abin yana maƙwabtaka da mu. Ɗan kasuwar da ke zuwa Kwatano sayo mota ko atamfa, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba ce tsakaninsa da Wida, garin da ake babban bikin Vudu duk watan Janairu, tun da Jamhuriyar Benin ta keɓe wa addinan gargajiya rana ta musamman a shekarun 1990. Haiti ma ta amince da Vudu a matsayin addini a hukumance a 2003.

Kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ranar da wani kamfani a Kalifoniya zai gano bori, ya ɗauki Sarkin Rafi ko Inna ko Ɗan Galadima ya mayar da su dodannin da ake harbi don tara maki, ya sa wa masu bautarsu haure da karin harshen Hausa, mu ne za mu fara cika shafukanku da ƙorafi, har da waɗanda ba su taɓa zuwa kallon bori ba kuma suke ƙyamarsa.

Roƙona biyu ne, ya Edita. Ku gyara waccan jimla a fitowa ta gaba, ku bambanta wa masu karatu Bwonsamdi na wasa da Baron Samedi na mutanen Haiti. Sannan idan Nuwamba ta matso, ku sa wakilinku ya nemi wani malamin tarihi ko nazarin addinai a ɗaya daga cikin jami'o'inmu, ko wani ɗan Benin da ya san abin daga gida, ya yi bayani da bakinsa, ku ba shi shafi guda cikakke.

Na gode da ba ni fili.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya