Rahoton Ayyukan Shekarar 2020: Halin da Masu Jinyar Iyaye Suka Shiga a Lokacin Kulle

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu 'yan ƙungiyar masu jinyar iyayen da ke fama da cutar mantuwa a Kano, ga rahoton abin da kwamitin gudanarwa ya yi daga Janairu zuwa Disamban 2020. Kafin komai, muna miƙa ta'aziyya ga duk gidan da aka yi rashi. Mun rasa da dama daga cikin tsofaffin da muke jinya, wasu ko jana'izarsu ba mu samu ba, sai ta waya muka yi gaisuwa. Allah Ya jiƙansu, Ya sa ciwon ya zama kaffara, Ya saka wa waɗanda suka yi ɗawainiya da su.

Yadda shekarar ta zo mana

Mun shiga shekarar da tsarin da muka saba: zaman wata-wata, ziyarar gida-gida, da adashen da muke sayen famfas na manya da ledar shimfiɗa a kan sari. A ƙarshen Fabrairu aka sami mutum na farko mai korona a Legas. Ranar 11 ga Afrilu ta ɓulla a Kano, daren 16 ga wata gwamnatin jiha ta kafa dokar kulle, ranar 27 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙara wa Kano mako biyu. Aka yi ta ƙari ana sassautawa, ba a ɗage dokar baki ɗaya ba sai farkon Yuli. Azumi da ƙaramar Sallah duk a ciki aka yi su.

A waɗannan makonnin ne aka yi ta mace-mace a birni. A watan Yuni ministan lafiya, Osagie Ehanire, ya ce binciken gwamnati ya ƙirga mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, mai yiwuwa kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na da nasaba da korona, kuma akasarinsu sun haura shekara 65. Wato sa'o'in iyayen da ke kwance a ɗakunanmu. Duk mai jinyar da ta ji sanarwar rasuwa a lokacin, sai ta juya ta dubi nata tsohon.

Abin da kulle ya yi wa masu jinya

A nan rahoton zai daɗe, don nan ne aikin shekarar yake.

Mai jinyar wanda ke da cutar mantuwa tun asali a kulle take. Abin da ke riƙe da ita 'yan ƙananan abubuwa ne da ba a lissafa su: maƙwabciya ta shigo dubiya ta zauna rabin awa, jika ya dawo daga Islamiyya ya zauna wajen kaka, ƙani ya zo ranar Juma'a ya yi wa Baba aski da wanka. A wannan ɗan tsakanin take watsa ruwa, ta yi sallah a natse, ko ta runtsa. Dokar kulle ta ɗauke waɗannan duka a dare ɗaya. 'Yan uwan da ke Kaduna ko Abuja ba hanya, an hana zirga-zirga tsakanin jihohi. Na cikin gari kuma suna tsoron su kwaso wa tsoho cuta, tsoron nasu kuwa da hujja.

Su kuma majinyatan ba su san da wata doka ba. Akwai ɗan uwanmu a Gwale da mahaifinsa ya shekara arba'in ba ya rasa jam'i. Da lokacin sallah ya yi sai tsohon ya ɗauki sanda ya nufi zaure. A ce masa, "Baba, an rufe masallaci." Ya ce, "Wa ya isa ya rufe ɗakin Allah?" A yi bayani, ya haƙura, la'asar na yi a koma farko. Da aka sa wa ƙofa kwaɗo ya dinga dukanta har hannunsa ya kumbura. Abin da ya kawo sauƙi shi ne ɗan ya riƙa shimfiɗa darduma a zauren, ya tara yaran gida su yi sahu, tsohon ya tsaya a gefen dama kamar yadda ya saba. Mun yaɗa wannan dabara, gidaje da yawa sun amfana da ita.

Wata 'yar uwa a Fagge mahaifiyarta ta yi ta tambayar aminiyarta da ta rasu a watan Afrilu. Duk sanda aka faɗa mata gaskiya sai ta yi kuka sabo, kamar yanzu ta ji. Ma'aikaciyar jinyar da ke taimaka mana ta ba da shawarar a daina maimaita labarin rasuwar, a ja ta da hirar zamansu tare da marigayiyar. A azumi kuma wasu tsofaffin sun dage sai sun yi, su sha ruwa da rana su manta, su yi faɗa idan an kawo abinci. Malamin da muka tuntuɓa ya tabbatar mana cewa wanda hankalinsa ya gushe azumi bai hau kansa ba, wannan magana ta sauke wa 'ya'ya da yawa nauyi daga zuci.

Tun makon farko na kulle muka raba mambobi unguwa-unguwa, kowane ɗan kwamiti da mutanen da zai riƙa kira duk mako. Masu babbar waya muka haɗa su a zauren WhatsApp, muka ce a riƙa saƙon murya saboda waɗanda karatun boko ke ba wahala. Ƙa'ida ɗaya muka sa wa masu kira: bayan an tambayi jikin Hajiya ko Baba, a tambayi mai jinyar ita kanta. "Ke fa, kin yi barci jiya? Me kika ci?" Da yawa sai su ce Alhamdulillahi su koma maganar mara lafiya. Sai an yi kira na biyu ko na uku bakin ke buɗewa.

Abin da muka ji ya tayar mana da hankali. Rashin barci ya fi komai yawa, don masu cutar mantuwa sukan rikice dab da magariba, wasu su kwana suna yawo a tsakar gida. Sai ciwon kai, faɗuwar gaba, hawan jinin da ya ƙi sauka, da kuka a banɗaki don kada yara su gani. Abin da ya fi cin mutane a rai shi ne tsawa: ka daka wa uwar da ta haife ka tsawa saboda gajiya, ka kwana kana ganin Allah Ya yi fushi da kai. Wasu sun ce mana sun fara jin gara su mutu su huta. Irin waɗannan ba mu tsaya lallashi ba, mun haɗa su da likitan ƙwaƙwalwa ta waya a ranar, da hanya ta buɗe kuma muka raka su asibitin Dawanau ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Ciwon damuwa ciwo ne mai magani, zuwa wajen likitan ƙwaƙwalwa kuma ba shaidar hauka ba ne. Muna roƙon kowa ya riƙa faɗar haka a gidansu.

Akwai magana da kwamiti ke son a kai wa dangi. Mafi yawan masu jinya a ƙungiyar nan mata ne: 'ya'ya, matan aure, surukai, sai zawarawan da aka ɗora wa aikin don an ga suna gida. Idan suka koka, amsar da suke samu ita ce, "Ki yi haƙuri, aljannarki ce." Gaskiya ne akwai lada mai girma, amma ladan bai keɓanta da mutum ɗaya ba, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ɗan uwan da ke turo kuɗin magani ya kyauta, sai dai kuɗi ba ya tashi cikin dare ya sauya zanin gado.

Karɓa-karɓa

Da aka ɗage kulle muka fara tsarin da muke ganin shi ne mafi amfani a duk abin da ƙungiya ta taɓa yi. Mambobi biyu ko uku na unguwa ɗaya su riƙa karɓar juna: yau ki zauna da mahaifiyata na 'yan awanni, jibi in zauna da taki. Waɗanda iyayensu suka rasu a cikin shekarar su suka fi ba da lokacinsu, Allah Ya ba su lada. Ana wanke hannu a bakin ƙofa, ana sa takunkumi, mai tari ko zazzaɓi ba ya zuwa. Takunkumin ya ba da wahala, don wasu tsofaffin na firgita su ɗauka ɓarawo ne. Sai muka koma mai zuwa ta tsaya daga nesa fuska a buɗe, ta yi sallama, ta gaishe da tsohuwa da sunan da ta fi so, sannan ta rufe fuska a kan idonta. Mun kuma lura fuska ɗaya da aka saba da ita ta fi a riƙa sauya mutane.

Mun nemi waɗanda aka karɓa su yi abin da ransu ke so da lokacin. Wasu sun je awon jini, wasu kitso, wasu ta'aziyyar da suka daɗe da bashinta. Da yawa barci kawai suka yi.

Wayar da kai

Ranar 21 ga Satumba, ranar cutar Alzheimer ta duniya, mun yi shiri a wani gidan rediyo. Likita ya bayyana cewa gigin tsufa mai tsanani, wato cutar mantuwa, cuta ce ta ƙwaƙwalwa, ba sammu ko iska ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a lokacin mutum miliyan 50 ke fama da ita a duniya, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari nau'in Alzheimer ne. Bayan shirin mun sami sababbin mambobi daga Kumbotso da Ungogo. Ranar 10 ga Oktoba, ranar lafiyar ƙwaƙwalwa, muka yi zamanmu na farko ido da ido, a fili, da tazara. Mun kuma fara mayar da wasu darussan iSupport, kundin da hukumar ta shirya wa masu jinya, zuwa gajerun saƙonnin murya da Hausa.

Kuɗi

Kuɗin wata ya ja baya sosai, don sana'o'i sun tsaya, saboda haka kwamiti ya yafe na watannin kulle. Abin da aka ware wa taron shekara mun karkatar da shi ga katin waya, famfas da kayan abinci ga gidajen da suka fi shiga matsi. Ma'aji zai karanta cikakken lissafi a babban taro, littafin kuma a buɗe yake ga duk mai son dubawa.

Abin da ke gabanmu a 2021

Tun Disamban 2020 korona ta sake tasowa, allurar rigakafi kuma har Janairun 2021 ba ta iso ƙasar nan ba, don haka kiran mako-mako zai ci gaba ko da kulle ko babu. Kwamiti zai kawo shawara biyu a kaɗa ƙuri'a a kansu. Ta farko, a mayar da mafi yawan kuɗin ƙungiya ga karɓa-karɓa, har da kuɗin mota ga masu zuwa daga nesa. Ta biyu, a buɗe zama na maza daban, domin maza masu jinya ba sa sakin jiki a zauren da muke da shi, alhali mun san abin da suke ciki.

Za a sanar da rana da wurin babban taro ta WhatsApp da bakin wakilan unguwanni. Wadda ba ta da mai zama mata da mara lafiya ta faɗa wa wakiliyar unguwarta tun da wuri, za a turo wadda za ta karɓe ta.

Wassalamu alaikum.

Sakatariya, a madadin kwamitin gudanarwa
Kano, Janairu 2021