Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Kwamishinan Lafiya na Jihar Gombe kan gwajin furostagilandin a fitsari

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, mu ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje ne, kuma kukanmu a kan gwaji ɗaya yake, wanda yakan lalace tun kafin ya iso hannunmu.

Furostagilandin sinadari ne da jiki ke haɗawa idan ana kumburi, zazzaɓi ko naƙuda, ƙoda ma tana yin nata. Ba ya jimawa a jini, shi ya sa ake bin sawunsa a fitsari. Likita yakan nemi gwajin idan yana zargin cutar Bartter, wata cutar ƙoda, a jariri mai yawan fitsari da zubar gishirin jiki, ko cutar ƙwayoyin mast (wasu ƙwayoyin garkuwar jiki), mai sa fata ta yi ja, awon jini ya faɗi, mutum ya suma.

Tarawar ita ce wahalar. Majinyaci zai zubar da fitsarin farko na safe, ya rubuta lokacin, sannan ya tara duk wanda ya biyo baya har na wannan lokacin washegari, awa 24 cif, a jarka mai tsabta ta kimanin lita 3. Jarkar tana son sanyin digiri 2 zuwa 8 tun daga ɗigon farko. To wanda ya fito daga Dukku ko Bajoga a watan Afrilu, zafi na kai digiri 40, wuta babu, ina zai sami wannan sanyin? Ƙwayoyin cuta su hayayyafa, sinadarin ya canza, a ba likita lambar da ba ta majinyacinsa ba ce.

Sai maganin ciwon jiki, wanda kowa ke saye a kemis ba takarda. Asfirin, ibufurofen da dikulofenak aikinsu kenan, hana jiki haɗa furostagilandin. Wanda ya sha jiya, sakamakonsa zai fito ƙasa ko da cutar na nan. Ana so a bar ibufurofen da danginsa awa 72, asfirin kuwa har mako 2, amma da izinin likita kawai, don mai ciwon zuciya ba ya ajiye asfirin da ka. Magidanta kuma sai an faɗa musu su ƙaurace wa iyali kafin tarawa, saboda maniyyi cike yake da sinadarin. Kunya ke hana ma'aikaci faɗin wannan, kuɗin talaka ya tafi a banza.

Yallaɓai, kafin a yi zancen sayen na'ura mai tsada, a gyara hanyar samfurin. A buga takardar bayani da Hausa da Fulatanci, mai gurbin rubuta magungunan da aka sha. A ba manyan asibitoci irin na Kaltungo, Billiri da Kumo jarkoki, kuloli masu ƙanƙara, da firiza mai sola da ke riƙe digiri 20 ƙasa da sifili. A wajabta auna yawan fitsarin da kiriyatinin ɗinsa, wato wani datti da ƙoda ke fitarwa, kafin a ɗebi kaɗan a daskarar, don ta nan ake gane wanda bai tara duka ba. Inda tarawa a gida ba za ta yiwu ba, a ba majinyaci gado na kwana ɗaya.

Wassalam.
Wasu ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje, Gombe