Wasiƙa Zuwa ga Aminina Game da Kiɗan Haydn na Gwanaye Huɗu

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali baki ɗaya. A wasiƙarka ta baya ka tambaye ni yadda gwanaye huɗu za su haɗu a kiɗa guda, ga kuma taron makaɗa a bayansu, ba tare da ɗaya ya danne sauran ba. Amsar da nake da ita tana cikin wani kiɗa da Joseph Haydn, mutumin Ostiriya, ya tsara a Landan a shekarar 1792, irin wanda Turawa suke kira sinfonia concertante.

Haydn ya isa Ingila a farkon 1791 bisa gayyatar Johann Peter Salomon, wani Bajamushe mai goge da ke shirya tarukan kiɗa. Da masu wani dandalin da ke gogayya da Salomon suka ga yadda jama'a suka karkata ga Haydn, sai suka ɗauko Ignaz Pleyel, wanda tsohon almajirinsa ne, domin a gwada malami da ɗalibinsa. Pleyel ya ƙware a wannan salo, wanda ya daɗe yana tashe a Paris, saboda haka Haydn ya zauna ya rubuta nasa cikin gaggawa, har yana kukan ciwon ido da rashin barci saboda yawan aiki. An fara kaɗa shi ranar 9 ga Maris, 1792, a zauren Hanover Square, kuma Salomon da kansa ne ya riƙe goge. Duk da zugar mutane, malamin da almajirin ba su ɓata ba, har cin abinci suke yi tare.

Kayan kiɗan huɗu su ne goge, da babban gogen da ake riƙewa tsakanin gwiwoyi wanda suke kira chelo, da obo, da basun. Obo 'yar'uwar algaita ce ta fuskar yadda ake busa ta, sai dai muryarta ta fi laushi, shi kuwa basun dogon bututun itace ne mai kaurin murya. Biyu ke nan na tsirkiya, biyu na busa, kuma a kowane ɓangare akwai mai siririyar murya da mai kauri. Wannan rabo ne ya ba Haydn damar haɗa su bibbiyu yadda ya ga dama, yanzu goge da chelo, an jima goge da basun, ta yadda kowa yake samun lokacin yin magana sannan ya ja baya ya bar wa ɗan'uwansa fili.

Kiɗan kashi uku ne, kuma na tsakiya, mai tafiya a hankali, shi ya fi kwanta mini a rai, domin a nan taron makaɗan suke sassauta murya, huɗun nan su yi ta miƙa wa juna karin waƙa kamar dattawa suna zance bayan sallar isha'i. Na fi jin daɗin basun, wanda a galibin kiɗe-kiɗen zamanin aikinsa rakiya ne kawai, amma a nan aka ba shi girmansa. A kashi na ƙarshe Haydn ya yi wa Salomon kara: taron makaɗa su taso da ƙarfi, sai goge ya katse su shi kaɗai, yana kwaikwayon mawaƙin wasan kwaikwayo da ke rera magana, kafin a koma kiɗa mai sauri. A ganina an ɗan fifita gogen, amma mai gida ne, ba a yi mamaki ba.

Kiɗan duka bai wuce kimanin minti 20 ba. Ka saurare shi sau biyu, a karo na biyu ka bi basun kaɗai da kunnenka, sannan ka rubuto mini abin da ka ji. A gaida mutanen gida da yara.

Naka har kullum,
Amininka