Ɗaliban Amurka sun sha kulki kan Gaza, wa ya ci ribar?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili in tanka wa masu cewa wai duk Amurkawa bakinsu ɗaya kan yaƙin Gaza. Wallahi ba haka ba ne. A watan Afrilun 2024 ɗaliban jami'ar Columbia da ke New York suka kafa tantuna a tsakar makaranta suna neman jami'ar ta janye jarinta daga kamfanonin da ke hulɗa da Isra'ila, shugabar jami'ar ta lokacin Minouche Shafik ta kira musu 'yan sanda aka kwashe sama da 100 rana ɗaya, wasu aka dakatar da su daga karatu, kuma fa har da Yahudawa a cikin yaran nan.

Ni jam'iyyar Democrat ce ta fi ba ni haushi, don ai sun taɓa ganin irin wannan. A 1968 lokacin yaƙin Vietnam shugaba Johnson ya fasa takara, aka yi babban taron jam'iyya a Chicago 'yan sanda na jibgar matasa a titi ana nunawa a talabijin, ƙarshe ɗan takararsu Humphrey ya sha ƙasa a hannun Nixon na jam'iyyar Republican. To 2024 ma Biden ya janye ya bar wa mataimakiyarsa Kamala Harris takara, taro kuma a Chicagon dai, alhali tun a zaɓen fidda gwani sama da mutum 100,000 a Michigan sun ƙi zaɓarsa don jan kunne, wakilansu suka roƙi a bar Bafalasɗine ɗaya tak ya hau dandali ya yi magana, aka ce a'a. Ranar zaɓe sai ga Trump na ɗaya a Dearborn da ke Michigan ɗin, garin Larabawan da suka saba bin Democrat.

Ban ce wannan ne kaɗai ya kayar da Kamala ba, tsadar rayuwa ta fi yi mata illa. Amma masu tafi a nan wai an koya wa Democrat hankali, su duba abin da ya biyo baya mana. A Maris 2025 aka kama Mahmoud Khalil, ɗaya daga cikin jagororin ɗaliban, duk da yana da takardar zama ta dindindin, ya fi wata 3 a tsare a Louisiana har matarsa ta haihu ba ya nan, gwamnatin Trump kuma ta datse wa Columbia dala miliyan 400. Shi ma Nixon ɗin da alƙawarin kawo ƙarshen yaƙi ya hau, amma a zamaninsa ne dakarun jihar Ohio suka harbe ɗalibai 4 a jami'ar Kent State a 1970.

Naku,
Mai karatu daga Zariya