Albishir daga ɗakin horon matuƙa

Aminina,

Assalamu alaikum. Ya sanyin can, ya iyali? Na san kana cike da ni saboda shirun wata uku, amma ka huce, albishirinka: shekaranjiya na ci jarrabawar na'urar kwaikwayon tuƙin jirgin sama ƙirar A320. Alhamdu lillahi.

Ka tuna kana cewa ai kwamfuta ke tuƙa jirgi, matuƙa shayi kawai suke sha? Kai da ko lilo ba ka iya hawa! To, kwamfutar nan janye hannunta take yi mataki-mataki idan abu ya lalace. A matakin farko tana tsare ka: ba ta barin jirgi ya karkata fiye da digiri 67, ba ta barin ka ɗaga hancinsa har fukafukai su kasa riƙe iska. Idan na'urorin auna gudu suka saɓa wa juna, sai ta koma mataki na biyu, ta ɗauke yawancin kariyar. Na uku, yadda ka motsa sandar tuƙi haka jirgi zai bi. Na ƙarshe kuwa, kwamfuta ta fita, abin da ya rage maka fedar da kake takawa da ƙafafunka ne da wilin daidaita wutsiyar jirgi.

A jarrabawar, malaminmu ya toshe mini na'urar auna gudu cikin duhu, ƙararrawa ta ko'ina. Wallahi jirgin Air France 447 ne ya faɗo mini a rai, wanda ya tashi daga Riyo zuwa Faris ya faɗa tekun Atlantika a 2009, mutum 228 suka rasu. Ƙanƙara ce ta toshe bututun auna gudunsu na ɗan lokaci, kwamfuta ta sauka mataki na biyu, matuƙi ya yi ta jan sanda baya. Injinansu lafiya lau, cikin minti uku da rabi suka kai ruwa. Abin yana ci mini rai har yau. Na daidaita hanci, na tsayar da ƙarfin inji, na ƙi taɓa komai sai da na karanta abin da allo ya rubuta. Da na fito rigata sharkaf.

Af, Inna ta ce zumar ta iso, tana godiya. An sa ranar ƙanwata bayan Babbar Salla, kuma angon ka san shi, ba zan faɗa ba sai ka kira. Makon gobe a na'urar kwaikwayon za a kashe mana inji ɗaya a lokacin tashi, ka sa ni a addu'a. Gai da madam da yara.

Naka har kullum.