Takunkumin Bizar Amurka: Mu Daina Cewa Ba Ruwanmu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ɗan ba ni fili in tofa albarkacin bakina kan muhawarar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisun 'yan Arewa mazauna Legas, tun daga Agege da Mile 12 har Idi-Araba da Obalende. Maganar Shugaba Donald Trump na Amurka ce, da takunkumin biza da ya ƙaƙaba wa Najeriya, da yadda gwamnatin Shugaba Bola Tinubu ta riƙi lamarin. Wasu na cewa Trump maƙiyin Musulmi ne, daga nan sun rufe bakinsu. Wasu, musamman 'yan adawa, murna suke yi wai an kunyata Tinubu. Amma waɗanda suka sa na ɗauki alƙalami su ne masu cewa: "Mu ina ruwanmu? Wa ke zuwa Amurka a cikinmu? 'Yan Kudu masu japa, wato tserewa ƙasashen waje, ta shafa, mu dai a bar mana hanyar Makka." Su ne suka fi yawa, kuma a ganina su ne suka fi yin kuskure.

Ba yau aka fara ba. Mako guda da hawansa mulki karon farko, ranar 27 ga Janairun 2017, Trump ya sa hannu kan umarnin hana 'yan ƙasashe bakwai shiga Amurka: Iran, Iraƙi, Libiya, Somaliya, Sudan, Siriya da Yaman. A lokacin daga nesa muke kallo. A watan Afrilun 2018 har ya karɓi marigayi Shugaba Muhammadu Buhari a fadarsa, aka gaisa aka ɗauki hoto, cinikin jiragen yaƙi 12 samfurin Super Tucano kuma ya ci gaba. Duk wannan bai hana ranar 31 ga Janairun 2020 sunan Najeriya ya fito cikin jerin ƙasashen da aka hana wa bizar zama na dindindin ba. Dalilin da suka bayar shi ne ba ma ba su cikakkun bayanai kan fasfo ɗin da suka ɓace da kuma mutanen da ake zargi da ta'addanci. Buhari ya kafa kwamiti ƙarƙashin ministan cikin gida na lokacin, Rauf Aregbesola. Joe Biden ya soke haramcin a ranarsa ta farko a ofis, 20 ga Janairun 2021, mu kuma muka manta kamar ba a yi ba.

Da Trump ya dawo, abin ya zo da sauri. A watan Yulin 2025 aka mayar da bizar ziyara ta wata uku, shiga sau ɗaya, bayan a da ana ba da ta shekara biyar. Ranar 31 ga Oktoba ya sa Najeriya cikin ƙasashen da ya ce ana take 'yancin addini, washegari ya yi barazanar turo soja. Ranar 16 ga Disamba ya fitar da sanarwar da ta dakatar da ba 'yan Najeriya bizar zama da ta ziyara da ta karatu daga 1 ga Janairun 2026. A cikin wannan sanarwa ne aka rufe ƙofa gaba ɗaya ga 'yan Nijar da Mali da Burkina Faso. Chadi kuwa tun watan Yuni aka rufe mata.

To, mai cewa ba ruwanmu ya karanta dalilin da aka rubuta a gaban sunan Najeriya. An ce Boko Haram da ƙungiyar IS suna cin karensu ba babbaka a wasu sassan ƙasar, don haka ba a iya tantance matafiya. Waɗanne sassa ne? Ba Ikeja ba ce, ba Aba ba ce. Garuruwanmu ne. Wato da sunan bala'in da ya cinye iyayenmu da 'ya'yanmu a Borno da Yobe aka rufe wa ƙasar baki ɗaya ƙofa. Manoman shinkafar da aka yi wa yankan rago a Zabarmari a Nuwamban 2020, da masallatan da aka buɗe wa wuta suna sallar asuba a Unguwar Mantau ta Malumfashi a Agustan 2025, danginsu ne yanzu ake kallo a matsayin abin tsoro a filin jirgi. Sun rasa nasu a hannun 'yan ta'adda, sannan an haɗa su kwando ɗaya da 'yan ta'addan. Wannan ya fi komai ci mini rai a duk lamarin.

Ba na musun cewa ana kashe Kiristoci a ƙasar nan. Ana kashe su a Filato da Binuwai da kudancin Kaduna, kuma ba mu manta da harin cocin Owo na Yunin 2022 ba. Duk Musulmin da ya ji wannan bai ji zafi ba ya binciki imaninsa. Abin da na ƙi yarda da shi shi ne a ɗauki rabin gawarwakin a nuna wa duniya, a lulluɓe rabin. Idan har labarin da ya isa majalisar dokokin Amurka rabi ne, sai mu tambayi kanmu: wa ya kamata ya kai ɗaya rabin, kuma yana ina?

A nan ne nake da ƙorafi kan fadar shugaban ƙasa. A watan Satumban 2023 Shugaba Tinubu ya kira dukkan jakadun Najeriya gida. Sama da shekara biyu ofisoshinmu na ƙasashen waje, har da na Washington, suna hannun muƙaddasai. Sai a ƙarshen Nuwamban 2025, bayan an riga an yi mana barazanar yaƙi, aka aika wa majalisar dattawa sunayen sabbin jakadu, aka kuma tura tawaga ƙarƙashin mai ba da shawara kan tsaro, Malam Nuhu Ribadu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: an yi sakaci. A cikin waɗannan shekaru biyu ƙungiyoyi iri-iri suna shiga ofisoshin 'yan majalisar Amurka suna ba da labarinmu yadda suka ga dama, babu wani mai cikakken matsayin jakada da zai zauna da su ya ce ga yadda abin yake. Muƙaddashi, komai ƙwazonsa, akwai ƙofar da ba a buɗe masa. Mun taɓa ganin irin wannan. A Janairun 2010, bayan yunƙurin Umar Farouk Abdulmutallab na tayar da bam a jirgin da zai sauka Detroit, Amurka ta sa Najeriya cikin ƙasashe 14 da ake yi wa matafiyansu binciken ƙwaƙwaf, a daidai lokacin da Shugaba Umaru Musa 'Yar'adua ke kwance a asibiti a Saudiyya ba a san wa ke riƙe da ƙasa ba. Wancan karon rashin lafiya ne, ba a zargin kowa da shi. Wannan karon ganin dama ne.

Sai dai masu murnar an kunyata Tinubu su ma su yi hattara. Shugaban ƙasa da ministocinsa fasfon diflomasiyya suke riƙe da shi, sanarwar kuma ta ware masu irin wannan biza. Wanda abin ya faɗa wa shi ne talaka mai ƙoƙari. A unguwarmu akwai wani bawan Allah mai sayar da hatsi, ya yi shekaru yana tara kuɗi, 'yarsa ta gama digiri a fannin harhaɗa magunguna, ta samu gurbin ƙaro karatu da tallafi a wata jami'ar Amurka. Takardu sun kammala, sai ƙofa ta rufe. Wace jam'iyya ce ta ci riba da zaman wannan yarinya a gida? 'Yan Najeriya sama da 20,000 ne ke karatu a Amurka, fiye da na kowace ƙasar Afirka, kuma kuɗin da 'yan ƙasar nan mazauna waje ke aikowa gida ya kai kimanin dala biliyan 20 a shekara. Duk wanda ke canjin kuɗi a bakin titin Broad ko a Allen, kuma mun san yawancinsu namu ne, ya san daga ina wani kaso na dalar da ke shiga hannunsa take fitowa. Idan ta ragu, farashin buhun taki a Funtuwa zai ji a jikinsa.

Akwai kuma hujjar wuce wa'adin biza. Alƙaluman da sanarwar kanta ta kawo sun ce kashi 5.56 cikin 100 na masu bizar ziyara ne suka ƙi dawowa kan lokaci, ɗalibai kuma kashi 11.9. Ban ce waɗannan sun kyauta ba, sun ɓata mana suna. Amma lissafin ya nuna cikin kowane mutum 100 da suka je ziyara, sama da 94 sun dawo gida yadda suka yi alkawari. An hukunta su ne da laifin da ba su aikata ba.

Idan akwai wanda ya kamata ya gane ɗacin irin wannan hukunci, to Bahaushen Legas ne. A Agustan 2019 aka tare mota ɗauke da matasa 123 daga Jigawa da baburansu a nan Legas, aka tsare su, aka baza hotunansu, daga baya aka sake su don ba a same su da komai ba. A Maris ɗin 2025 aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo suna kan hanyar komawa Kano yin sallah, saboda kawai an ga kamanninsu an yanke hukunci. Sashe na 41 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama inda ya so, amma mun san sau nawa ake tsayar da ɗan acaɓa ko mai gadi ko mai tura baro a ce masa ɗan Nijar ne ya koma inda ya fito. Wanda ya sha wannan a cikin ƙasarsa bai kamata ya yi dariya ba idan an yi wa maƙwabcinsa Bayarabe ko Ibo irinsa a ofishin jakadancin Amurka da ke Victoria Island. Haka su ma 'yan uwanmu na Kudu da ke kuka da Trump yau, ina roƙon su tuna da kukan nan ranar da aka tare wata motar daga Arewa.

Mu kanmu a matsayin ƙasa hannunmu ba tsarkakakke ba ne. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su fice, mutane sama da miliyan ɗaya suka kwashi kayansu, yawancinsu 'yan Ghana, dattawan Legas kuma har yau suna ba da labarin cunkoson tashar jiragen ruwa ta Apapa da iyakar Seme. Kafin nan, a 1969, gwamnatin Firaminista Busia ta Ghana ta kori namu, ciki har da Hausawa fataken goro da aka haifa a zangon Kumasi. Korar ba ta gyara tattalin arzikin Ghana ba, tamu ma ba ta gyara namu ba.

Me ya kamata a yi? Wasu matasa na cewa mu juya wa Amurka baya mu rungumi Rasha da Chana yadda sojojin Nijar suka yi, tunda ga shi tun Janairun 2025 mun zama abokan hulɗar ƙungiyar BRICS da ƙasashen biyu ke ciki. Ni ban ga hikimar sauya ubangida ba. Ina son a yi hulɗa da kowa bisa abin da zai amfane mu, a kuma iya cewa a'a. Na yaba wa ministan harkokin waje na lokacin, Yusuf Tuggar, da ya fito a Yulin 2025 ya ce Najeriya ba za ta karɓi 'yan Venezuela da Amurka ke kora ba, domin matsalolinmu sun ishe mu. Shugaban Chadi, Mahamat Déby, ƙasarsa ba ta kai mu arziki ba, amma da aka rufe mata ƙofa shi ma ya dakatar da ba Amurkawa biza. Kuma a nan Legas, daga barikin Dodan, Janar Murtala Muhammed ya tashi a Janairun 1976 ya je Addis Ababa ya yi fatali da wasiƙar Shugaba Ford na Amurka kan batun Angola. Amma Murtala ya yi magana ne da ƙarfin ƙasar da ke riƙe da kanta. Gwamnatin da ba ta iya kare ɗalibai a makarantar kwana ba, da wuya a saurare ta a waje, komai daɗin bakin ministanta. Shi ya sa ranar 25 ga Disamban 2025 makaman Amurka suka sauka a jihar Sakkwato, gwamnatinmu ta ce da saninta aka yi, mutanen Jabo kuma suka wayi gari suna tsintar ɓaraguzai a gonakinsu ba tare da wani ya yi musu bayani tun da farko ba. Bayan wannan dare ban san yadda ɗan Arewa zai sake cewa siyasar Amurka ba ta shafe shi ba.

Roƙona gare ka, ya Edita, zaɓen 2027 na tafe, 'yan takara za su riƙa sintiri a ofishinku suna neman a ji su da Hausa. Kada wakilanka su tsaya kan rabon muƙamai da karɓa-karɓa. A tambayi kowane ɗaya: wace yarjejeniya aka ƙulla da Amurka kan tsaro, kuma me ya hana a kai ta gaban majalisa? Wane aiki ake yi kan bayanan fasfo da shaidar ɗan ƙasa da aka kafa mana hujja da su tun 2020? Me za a yi wa ɗaliban da suka samu gurbin karatu aka hana su tafiya? Wane shiri yake da shi na gyara tsakaninmu da Nijar, wadda iyakarmu da ita ta kai kusan kilomita 1,500 kuma tsaronmu ba zai yiwu ba sai da ita? A kuma buga amsoshin yadda suka faɗe su, domin mu ajiye mu tuna musu.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Agege, Legas.